Koyiloba na hannu a kan BMW E36: taurin shokazoba ba shi ne lafiyarta ba

Tambaya: Maigida, barka da aiki. Ina da BMW E36 328i, ina so in fara shiga filin tsere da aka killace da ita. Wani dillali ya kawo min koyiloba (shokazoba da sifirin masu notin ɗaga mota da sauke ta) huɗu na kamfanin Bilstein, 'yan Beljiyam, a kan jika 180. Ɗaya na baya tana tsattsafo da mai. Bakanikena ya ce ba komai, zai huda ta ya ɗura man giya, za ta ma fi sabuwa tauri. Raina bai kwanta ba, ga shi na riga na ba da rabin kuɗin. In karɓa ko in haƙura? Daga mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, gara da ranka bai kwanta ba. Kada ka bari kowa ya kusanci wannan shokazoba da abin huji.

Kafin mu zo nan, duba lambar da ke jikin kayan ka tabbatar na motarka ne. E36 Compact da Z3 ƙafarsu ta baya daban take da ta 328i, dillalai kuwa duk E36 suke kiransu. A motarka sifirin na baya ba a jikin shokazoba yake ba, zaman kansa yake, kuma abin ɗaga mota da sauke ta yana tare da shi, to ka ga an haɗo maka da shi. Juya notin daidaita tsayi na kowace ƙafa da hannunka. A Turai gishiri ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara, da yawa suna iso mu noti ya kame da tsatsa, ka ga an sayi koyiloba da ba ta hawa ba ta sauka. Shafa sandar shokazobar da yatsa: in ka ji ƙuraje ko ka ga ta tanƙware, ita ce ta cinye robar da ke riƙe mai, kuma sabuwar roba ma za ta cinye.

Yanzu maganar huji. Kusan kullum sai an kawo min mota da wannan aika-aika. Mutum ya danna bayan mota da gwiwa, ya ji ba ta motsa ba, ya ce ai shokazoba garau. Wa ya ce musu haka? Aikin shokazoba shi ne ta hana sifirin yin ta tsalle, ta riƙe taya manne da ƙasa. Mai yana bi ta wasu siraran faifan ƙarfe da ke jikin fistin, kuma kamfani ya auna su ne da mai marar kauri na musamman. Ka ɗura man giya, man ya kasa wucewa da sauri, ƙafa ta sanƙare. A tsaye a gareji sai ka ce abin arziki. A kwana kuwa, da gudu, taya ta taka ɗan tudu ta tashi sama, kuma tayar da ke iska ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. E36 da baya take turi. In ƙafa ɗaya ta baya ta sanƙare ɗayar tana aiki daidai, motar za ta yi maka ladabi a kwanar gefe ɗaya ta juya da kai a ta ɗaya gefen.

Wannan ma in an gama hujin lafiya ke nan. Irin waɗannan Bilstein bututu ɗaya ne, a ƙasansa akwai iskar naitirojin da aka matse kusan ninki goma na iskar taya, wani fistin ya raba ta da mai. Mai huji bai san inda mai ya ƙare iska ta fara ba. Ɓarɓashin ƙarfe da mai a ido shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi. Sai kuma ya toshe ramin da walda, wuta a jikin bututu mai mai, zafin ya gasa robobin ciki ya gurɓata bangon da fistin ke bi. Iskar da ta fita kuma ba ta dawowa, alhali ita ke hana mai yin kumfa. A zafin Afirilu na Maraɗi, da ya kan haura digiri 40, zagaye kaɗan man zai koma kumfa, shokazobar da ta yi tauri da safe ta saki gaba ɗaya. In ka yi magana masu hujin su ce shekara nawa suna yi ba wanda ya dawo. To mai taksi da ke lallaɓawa cikin gari daban, kai da za ka shiga kwana da gudun ɗari da wani abu daban.

Gyaran gaskiya akwai shi: a kwance ta, a sa sababbin robobi, a zuba man da ya dace, a mayar da iskar da na'ura. In ba ka sami mai wannan kayan aiki ba, sayi sababbi biyu na baya. Biyu nake cewa, ba a canza ɗaya. Ka koma wa dillalin da wannan lissafi, ko ya rage kuɗin biyun ko ya maido maka da naka.

In ka ɗaura, kada ka zubar da motar ƙasa don ado. Tsaya cikin iyakar da takardar kamfani ta nuna, in ka wuce ta motar a kan robar tsayawa za ta zauna, wato robar da ke tare shokazoba in ta danne har ƙarshe. Canza mazaunin shokazoba na sama na baya, sanannen rauni ne a E36. A daidaita ƙafafu a kan na'ura. Duba lamba huɗu da ke gefen taya, mako da shekarar da aka yi ta ke nan, sannan ka zuba sabon man birki DOT 4. Gwaji kuma sai a filin da aka killace ɗin, da hular kwano a kanka. Hanyar Ɗan Isa ta masu babur ce da amalanke da yara masu tsallakawa, kada in ji an ce an gan ka can.