Me ya sa ba na samun lu'ulu'u a wasan Minecraft?

Ɗan'uwa, ka ce ka kwana kana haƙa a Y 11 (Y shi ne lambar da ke nuna tsayi ko zurfin inda kake a wasan) ba ka samu komai ba. Ai tun sabuntawar wasan ta 1.18 a 2021 ƙasar ta ƙara zurfi har Y -64, lu'ulu'un ya fi yawa wajen -58. Sauka can da digar ƙarfe, ta dutse ba ta cire shi.

Cikin kogo kuwa yana ƙaranci a bangon da ke buɗe, shi ya sa na fi son haƙa rami a miƙe zuwa gaba. Ka riƙe bokitin ruwa, kuma don Allah kada ka haƙa ƙarƙashin ƙafarka. Na taɓa faɗawa narkakken dutse da lu'ulu'u bakwai a jaka, ina kallo suka ƙone, har yau abin na yi min ciwo.