Amsa ga ƙanwarmu da likita ya ce za a cire mata mahaifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata, na saurari muryarki har sau biyu, kina tambaya wai da gaske ne ana cire mahaifa ba a farke ciki ba. Da gaske ne, ni aka yi wa, saboda ƙari. Jini ya yi ta zubar mini har sai da aka ƙara mini leda biyu.

Allurar barci za a yi miki. Sai a huda ciki wuri uku ko huɗu, ɗaya a cibiya, kowace huda ba ta wuce faɗin farcen yatsa ba. A hura iska cikin ya tashi, a zura 'yar kyamara, likita yana kallo a allo yana aiki, mahaifar kuma ta gaba ake fito da ita. Ba sabon abu ba ne, tun 1988 aka fara shi a Amurka. Iskar nan kuwa, wallahi ciwon kafaɗar da ta sa ni ya fi na ɗinkin, amma da na riƙa ɗan takawa, kwana biyu ya wuce.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Ƙanƙantar ramin na waje ne kawai, a ciki akwai ɗinki babba. Ni kwana biyu aka sallame ni, na ji garau, rana ta goma na ɗaga bokitin ruwa. Da daddare sai ga jini, maigida ya kwashe ni muka koma asibiti. Don Allah ki nemi mai tayin aiki tun yanzu, sati shida ba ɗaukar nauyi, ba kwanciyar aure sai likita ya duba ya ce to. Ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa.

Kafin ki sa hannu ki tambaya: za a bar mini ƙwayayen, wato gidajen ƙwan da ke gefen mahaifa? In an bar su al'ada ce kawai za ta tsaya, ba za ki faɗa zafin jiki da gumin dare nan take ba. In kuma kina son haihuwa ki faɗa tun yanzu, wani lokacin ƙarin kaɗai ake cirewa. Kuma in ƙarin ya girma sosai, ana iya komawa yanka ana tsakiyar aiki.

Zazzaɓi, jini mai yawa, ruwa mai wari ko kumburin ƙafa, kada ki jira gari ya waye. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.