Kafin ka sake taɓa fokos ɗin monitar nan

Ka ce monitar da aka kawo maka, mai inci 17 irin masu ƙeyar nan, idan aka kunna ta da safe rubutu dishi-dishi yake fitowa, sai ta yi kamar rabin awa sannan ya washe. Ka ce ka murɗa fokos ya gyaru, da ta ɗauki zafi kuma ya sake dagulewa. Yanzu kana tambayata ko fulaibak za ka canja, wato taransfomar da ke ba kwalbar hoto babbar wuta.

Wa ya ce ka murɗa? Abin da ke haɗa ni da ku yaran yanzu ke nan, hannunku ya fi idonku sauri. Kun tashi a zamanin waya da LCD, inda gyara ya koma cire wannan fanel a sa wancan, in bai yi ba a ce wa mai kaya ya sayi sabo. Mu da muka koyi aiki a kan talabijin mai kwalba, sai ka yi wata da watanni kana riƙe wa maigidanka madubi a gaban allo kafin ya yarda ka sa sukundireba a jikin fulaibak. Monitar nan ta riga ta gaya maka ciwonta da bakinta, kai ne ba ka tsaya ka saurara ba.

Ba zan ɓata lokaci kan buɗe murfi da zare fanel ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sharar shago. Abu ɗaya zan maimaita, don ba na son a kira ni asibiti. Ƙarƙashin robar nan da ke manne a gefen kwalba akwai wutar da ta kai bolt 25,000, kuma kwalbar tana riƙe ta bayan an zare fulogi. Don ka sauke wutar, bayan ka zare fulogi ka ɗaura waya daga ƙarfen sukundireba zuwa saƙaƙƙiyar wayar da ta zagaye bayan kwalbar, hannu ɗaya a aljihu, ka zura bakin ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙarfe. Ka jira kaɗan ka sake yi. Babbar kafasitar sashen wuta ita ma tana ajiye sama da bolt 300. Wuyan kwalba kuma gilashi ne siriri, in ka fasa shi aikin ya ƙare.

To, ba kowane dishi-dishi ne fokos ba. Matso da idonka kusa da harafi guda. Idan ka ga ja ya leƙo ta gefe ɗaya, shuɗi ta ɗaya gefen, launukan nan uku ne ba sa sauka wuri guda, maganinsu yana zobban maganaɗisun da ke wuyan kwalba ko cikin maɓallan gaba. Idan harafin yana jan inuwa zuwa dama kawai, canja wayar VGA tukuna, sannan ka duba sashen hoto. Fokos na gaskiya, ɗigon kansa ne yake kumbura ta kowane ɓangare, harafi ya yi kauri, launinsa bai rabu ba.

Naka fokos ne, kuma na kusa rantsewa soket ne. A ƙarshen wuyan kwalba akwai ƙaramin fanel, a jikinsa farin soket ɗin da ƙafafun kwalbar suke shiga. Ƙafa ɗaya an ware ta ita kaɗai an yi mata ɗaki na roba, nan wayar fokos mai kauri take shigowa daga fulaibak. Hita, ƴar wayar da ke ɗumama bindigar da ke harba haske daga wuyan kwalba, bolt 6.3 kawai take ci, G2, ƙafar da ke daidaita hasken allo, ƴan ɗaruruwa, amma ƙafar fokos dubbai take ɗauka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da ke ƙarƙashin robar can. Ƙarfinta da yawa, amma ba ta da nauyi, don ta bi ta cikin razistoci masu ɗaruruwan miliyoyin om kafin ta iso. Saboda haka ɗan danshi kaɗan ya isa ya janye ta. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, damina ta zo ta jiƙa ta, ƙarfen ya fara tsatsa kore-kore, wuta ta samu hanyar zurarewa. Da safe soket yana da danshi, fokos ya faɗi. Wuyan kwalba ya yi zafi ya busar da shi, fokos ya dawo. Kai kuma ka je ka daidaita shi a kan lokacin danshi, dole ya kauce da ya bushe. Zare fanel ɗin a miƙe, kada ka girgiza shi, ka ɓalle murfin ɗakin fokos ka duba. Za ka ga kore, ko farin gari kamar gishiri. Wasu suna wankewa da sifirit su mayar. Ni ba na yi, sabon soket nake sawa, don wanda aka wanke damina mai zuwa zai dawo maka da shi.

Tambayar nan taka ta taɓo mini wani miki, shi ya sa ka ga na zauna ina amsawa.

Lokacin da wuraren intanet da makarantun koyon kwamfuta suka cika Kano, kafin LCD ta yi arha a nan, monitocin kwance ne ake lodowa daga Legas. Kaya ne da suka gama aikinsu a ofisoshin Turai, suka kwana a kwantena a kan teku, suka sake jira a tashar jiragen ruwa cikin iskar gishiri. Wani Alhaji mai makarantar kwamfuta, ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, ya zo mini a tsakiyar watan Agusta da akori-kura cike da su. Dukkansu ciwo ɗaya, irin naka. An riga an gaya masa a wani shago cewa kwalaben sun mutu. Na ce ya bar mini su. Na jera su a benci na kunna, na zauna ina kallo. Yawancinsu suka washe da suka yi zafi, na san soket ne. Biyu suka ƙi, fokos ɗinsu yana yawo, ya gyaru ya ɓaci ba ruwansa da zafi ko sanyi, na san fulaibak ne. Ɗaya kuwa kwalbarta ta gaji, na ware ta gefe na ce masa wannan kada ya kashe mata ko kwabo. Da wani mai gyaran ne, da ya karɓi kuɗinta.

Ba wutar NEPA, da janaretata da man da na saya na yi aikin. Soket na samu a Sabon Gari. Fulaibak biyun nan kuwa babu irinsu a duk France Road, sai da na aika kasuwar Alaba ta Legas da kuɗin aljihuna, don ya ce abubuwa sun ɗan cushe masa, in yi haƙuri a haɗa lissafi gaba ɗaya. Na yi dare a kansu. Kowacce sai da na bar ta ta kwana a kashe, na kunna da asuba na ga rubutu tar tun daga minti na farko, sannan na rufe murfi. Ya zo ya gani ya yi ta sa albarka. Ya ce ɗalibai na da jarrabawa, bari ya kwashe, kuɗina ranar Juma'a bayan masallaci. Mu a lokacin maganar dattijo ita ce rasit. Na taya shi lodi da hannuna.

Juma'a ta wuce, wata ta wuce. Ranar da ya dawo, da monitoci ya dawo, yana ɗaga murya tun daga bakin layi, wai na cuce shi, gyaran bai yi ba. Mutane suka taru. Kamfani ɗaya, girma ɗaya, kala ɗaya da waɗanda na gyara. Na buɗe ta farko a gaban kowa. Yaro, ƙura ce kwance a kan fanel ɗin wuya, ko sawun yatsa babu. Soket ɗin tsoho ne, ya yi rawaya, ƙafar fokos kore shar. Farin gam ɗin da kamfani ke ɗigawa a kan maɓallin fokos yana nan bai tsage ba. Na juya fanel, dalmar inji ce, ba tawa ba. Ni na san dalmata, ko cikin dubu zan nuna ta. Ashe mutumin nan yana da wasu matattun a sito, ya ajiye waɗanda na gyara suna masa aiki, ya kwaso waɗannan don in gyara kyauta, kuɗin farko kuma ya bi ruwa.

Aka kai magana gaban shugabannin layi. Na nuna musu ƙura, na nuna musu gam. Dattawan kirki ne, amma ƴan kasuwa ne, ba masu gyara ba. Suka tambaya ko akwai takardar da ta nuna lambar kowace monita. Babu. Shi kuma ya dafa ƙirji yana rantsuwa. Aka ce a yi sulhu, in duba masa waɗannan, shi ya biya rabi. Na ce ko sukundireba ba zan ɗora musu ba. Rabin ma har yau ban gan shi ba. Kuɗin bai fi yi mini ciwo ba. Akwai wata makarantar da muka gama magana zan riƙa duba musu kwamfutoci, ya je ya ɓata ni a wajensu, suka janye. Daga baya wani yarona ya shiga wurinsa buga takarda, ya ga monitocin da na gyara jere suna aiki lafiya lau. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa kake ganin littafin nan mai baƙin bango a kan teburina. Duk abin da ya shigo, ka juya bayansa ka kwafe lambarsa a gaban mai shi, ya sa hannu. Ka buɗe ka yi alamarka da maka a cikin murfi, da kwanan wata. Kuɗin kayan gyara kuma a ajiye kafin ka taɓa, ko limamin unguwarku ne. Ku kuna da waya mai kyamara a aljihu, amma hoton kanku kuke ɗauka da ita.

Mu koma kan aikinka. Bayan ka sa soket, ka bar monitar a kunne minti 20 zuwa 30 kafin ka gyara ɓarnar da ka yi wa fokos. Buɗe shafi mai ƙananan rubutu da ya cika allo, haske matsakaici, madubi a gaba, sukundireba na roba. A jikin fulaibak maɓallin sama shi ne fokos, na ƙasa G2 ne, galibi SCREEN ake rubutawa a jikinsa. In ka kuskure ka murɗa na ƙasa, allo zai yi fari da siraran layuka a karkace. Kada ka daidaita da tsakiyar allo kaɗai, ka sa ido wajen rabin tafiya tsakanin tsakiya da kusurwa. Manyan monitoci, musamman masu inci 19 da 21 da masu shafaffen allo irin Trinitron na Sony na ƙarshe-ƙarshe, suna da fokos biyu. Ɗaya ya fi gyara layukan tsaye, ɗaya na kwance, kuma suna jan juna, sai ka yi ta kai-komo tsakaninsu. Dalilin na biyun shi ne kusurwa ta fi tsakiya nisa daga bindigar kwalba, don haka akwai ɗan sashe mai ƙaramar taransfoma da ke ƙara wa fokos wuta duk lokacin da haske ya nufi gefe. In ka ga tsakiya tar, kusurwoyi huɗu duk hazo, can za ka nema.

Idan sabon soket bai magance ba, sannan a yi maganar fulaibak. Alamominsa: ka murɗa maɓallin har ƙarshe fokos yana ƙara kyau amma bai kai ba, ko yana yawo da kansa, ko kana murɗa fokos hasken allo yana canjawa, wanda ke nuna wuta na tsallakawa tsakanin fokos da G2. Kashe fitilar shago ka leƙa, wani lokaci za ka ga ɗan shuɗin tartsatsi a inda robar ta tsage, ka ji tsss da wani wari mai kaifi. Kada ka kuskura ka ɗora mitarka a ƙafar fokos, za ka ƙona ta, kuma ko ba ta ƙone ba ƙarya za ta karanta maka. Fulaibak kuwa da lambar jikinsa ake canja shi. Wai ƙafafu sun yi daidai da ramuka ba hujja ba ce. Na monita ba ɗaya yake da na talabijin ba, na talabijin a kan layi kusan 15,600 a daƙiƙa yake aiki, na monita daga 31,500 yake farawa ya yi sama. In ka sa wanda ba nasa ba, ko ka kashe taransistar layi, wadda ke tura wa fulaibak wuta, ko wutar kwalba ta haura inda bai kamata ba. Tun da Sony ma ta daina ƙera Trinitron a 2008, sabo na kirki ya yi wuya, saboda haka duk matacciyar monitar da ta shigo hannunka ka cire fulaibak da soket ɗinta ka rubuta lamba ka adana.

Saura gajiyayyiyar kwalba. Rage haske ƙasa. Idan rubutu ya yi kyau a dusashe, amma kana ƙara haske fari yana kumbura yana malala, kuma monitar tana daɗewa kafin hoto ya fito, kwalbar ce ta tsufa. Na san wasu suna ƙara wa hita wuta ta yi kyau na ƴan makonni, su karɓi kuɗi. A shagona ba a yin haka. Ka kira mai ita, ka rage hasken ka ƙara a gabansa ya gani da idonsa, ka ce masa ko ya yi amfani da ita a dusashe ko ya sayar maka da ita a matsayin kayan gyara.