Tambaya da Amsa: Ina ake koyon binciken haɗarin jirgin ruwa?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan Yauri ne, na gama difloma a fannin injin jirgin ruwa. Tun haɗarin kwale-kwalen Warrah na 2021 abin yake ci mun rai, ina so in shiga cikin masu bincike in irin haka ta faru. Wai akwai kos ɗinsa kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, akwai kam, kuma wallahi tambayar nan ta faranta mun rai don muna da ƙarancin irinku.

Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, da ke Landan ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken haɗari a 2008, ya zama dole tun Janairun 2010, tana da manhajar horo mai lamba 3.11 da makarantu ke bi. Jami'ar harkokin teku ta duniya tana Malmo a Suwidin, nan kusa kuma akwai makarantar Oron a Akwa Ibom da jami'ar yanki a Accra inda za ka ƙara karatun teku. A Najeriya dokar 2022 ta kafa hukumar NSIB, ita ke da alhakin binciken haɗarin sama da na jirgin ƙasa da na ruwa.

Amma ka san wani abu, farkon abin da za su cire maka a kai shi ne neman wanda za a kama, wannan aikin ɗan sanda ne da kotu, kai naka gano sanadi don kar a sake. Dubi jirgin Herald of Free Enterprise da ya kife a Zeebrugge ta Beljiyam a 1987, mutum 193 suka rasu, ya tashi ƙofar gaba, wadda motoci ke shiga jirgin ta cikinta, a buɗe don wanda zai rufe ta barci ya kwashe shi, to da a nan aka tsaya shikenan an samu mai laifi ko, amma da aka tona sai ga shi kyaftin ba shi da ko fitilar da za ta nuna masa ƙofa ta rufu, kuma an sha roƙon kamfani ya saka bai saka ba. Bayan haka ne Birtaniya ta kafa hukumarta ta bincike a 1989.

Za a koya maka karanta na'urar da ke naɗar magana da bayanan tafiyar jirgi, da lissafin lodi, da awannin barcin ma'aikata. Kwale-kwalen kogin Neja kuwa ba na'ura, shaidarka bakin mutane ce, ka zauna da wanda ya tsira shi kaɗai, da wuri kafin labari ya gauraye, kar ka sa masa amsa a baki, kuma ka tuna wataƙila jiya ya binne ɗansa. Hausarka za ta yi maka rana a nan sosai.

Shawarata ka fara samun aiki a kan ruwa ko shekara kaɗan ne, don yawanci tsoffin kyaftin da injiniyoyi ake ɗauka, sannan ka nemi kos ɗin.