Me ya sa yunwa ke ƙaruwa bayan an rage ƙiba?

'Yar'uwa, kin ce kin rage ci, jiki ya fara sauka, amma yanzu yunwa na tashe ki cikin dare har kina ganin kamar ke ce ba ki da haƙuri. Aikin ƙwaƙwalwa ne.

A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa. Jini ke kai shi sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, ya sanar da shi yawan kitsen da ke ajiye. Kitse na raguwa, leptin na raguwa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga: ta ƙaro yunwa, jiki kuma ya rage ƙona abinci. Ciki ma na da nasa sinadarin mai tayar da yunwa, girelin, mai hawa kafin a ci abinci, kuma ƙarancin barci na ƙara shi.

Saboda haka kada ki yini ba ci, ki afka wa tuwo da dare. Wake, ƙwai da dambun zogale suna riƙe ciki. Shayin rage tumbi da ake talla a kasuwannin Yamai kuwa, ni dai ban yarda da shi ba.

In yunwar ta haɗu da yawan ƙishirwa da fitsari, je asibiti a auna miki suga.