Hukuncin Bayar da Tazara a Aji da Shago Lokacin Annoba

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ke riƙe da wata madarasa mai zaman kanta a nan Maraɗi, ana karatun arabiyya da faransanci. Ajin ƙananan yaranmu yana ɗauke da yara 78, ɗakin kuwa tsawonsa mita 9 ne, faɗinsa mita 7, yara huɗu kan benci ɗaya. Lokacin korona an ce mu bar tazarar mita ɗaya tsakanin yaro da yaro. Ba mu iya ba. Sai dai ranar da muka ji masu bincike na tafe, mu sallami rabin yaran mu jera sauran. Yanzu maganar ta sake tasowa a taron malamanmu saboda tari da ke yawo cikin yara. Wani malami ya ce wannan doka ce ta Turawa, Annabi ya ce babu ɗaukar cuta. Wani kuma ya ce duk wanda bai bi dokar ba, in yaro ya mutu alhakin ransa na wuyansa. Ƙanena ma yana da shagon ɗinki kusa da babbar kasuwa, teloli takwas cikin ɗaki ɗaya, ba inda zai matsar da keke. Shin muna da zunubi? Me ya wajaba a kanmu idan wata annoba ta zo?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Malam, malamanka biyu kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. Bari in fara da mai cewa babu ɗaukar cuta, don shi ne ya jawo hadisi.

Hadisin "la adwa" ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira. Amma shi dai Abu Hurairan ne ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya kawo su mashaya ɗaya da mai raƙuma lafiyayyu. Buhari ya kawo umarnin a guje wa kuturu kamar yadda ake guje wa zaki. Muslim kuma ya ruwaito cewa cikin tawagar Saƙif da ta zo mubaya'a akwai wani kuturu, sai Annabi ya aika masa cewa mun karɓi mubaya'arka, ka koma. Mubaya'a fa, wadda ake yi hannu da hannu, aka karɓe ta daga nesa. Malamai irin su Imamu Nawawi sun haɗa waɗannan hadisai da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya, cewa cuta tana tsallakawa da ƙarfin kanta ba da nufin Allah ba. Ita kuwa cuɗanya da mara lafiya sababi ce da Allah ya sanya, in ya so cutar ta kama, in ya so ta wuce. Saboda haka wanda ya ɗauki hadisi ɗaya ya rufe ido ga sauran bai yi wa sunna adalci ba.

Mu da muke karanta Muwaɗɗa tun muna yara, muna da hujja a gida. Imamu Malik ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata: ya ke baiwar Allah, kada ki cutar da mutane, da ma kin zauna a gidanki. Ta zauna. Idan aka ɗage wa mutum ɗawafin ɗakin Allah don kada ya cutar da jama'a, ina ga zaman aji ko zaman shago? A Muhtasar na Shehu Halil ma an lissafa kuturta da rashin lafiya da jinya cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i. Haka nan a annobar Amwas ta ƙasar Sham, wadda mafi yawan masu tarihi suka sa a shekara ta 18 bayan hijira, bayan rasuwar Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, masu tarihi sun kawo cewa Amru ɗan Asi ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, domin cutar tana ci ne kamar wuta. Raba jama'a don gudun annoba ba daga Faransa ya faro ba.

To amma akwai bambanci tsakanin asalin hukunci da ma'auninsa, kuma a nan ne malaminka na biyu ya zarce. Nisantar da mai cuta daga lafiyayye yana da nassi. Mita ɗaya ba ta da nassi. Kintace ne na likitoci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mita ɗaya, Amurka kuma ta ce ƙafa shida, kusan mita biyu ke nan. Tazara hanya ce ta kaiwa ga kare rai, ita kanta ba ibada ba ce da za a ce in an tauye taƙi ɗaya ta ɓaci. Idan hukuma ta yi umarni da ita bisa shawarar likitoci, bin ta ya zama wajibi, saboda faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 59, cewa a bi Allah a bi Manzo da majiɓinta al'amari, da kuma hadisin "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa. Sai dai duk wani wajibi a shari'a an rataye shi ga iko. Allah ya ce ku ji tsoron Allah gwargwadon ikonku, Annabi kuma ya ce idan na umarce ku da abu ku zo da abin da kuka iya daga cikinsa. Wanda ba ya iya tsayuwa a salla yana yin ta a zaune, kuma sallarsa cikakkiya ce.

Mu auna ajin naka. Cire mita biyu na gaban allo inda malami ke tsayawa, saura mita 7 sau 7. Kowane yaro ya ci rabin mita da jikinsa, a bar mita ɗaya tsakaninsa da na kusa da shi, sahu biyar za ka samu, kowane sahu yara biyar. Yara 25 ke nan. Kai kana da 78. Ko ka raba su biyu, na safe da na marece, ba ka cika ƙa'idar ba, ko ka raba uku ma yara uku za su rasa wuri, kuma malami ɗaya ba zai koyar da darasi ɗaya sau uku a yini cikin zafin watan Afrilu ya kai ƙarshen shekara ba. Don haka cikakkiyar tazarar mita ɗaya a wannan ɗaki abu ne da ya gagare ka, kuma babu zunubi a kanka a kan abin da ya gagare ka. Alhakin ƙarancin azuzuwa yana kan wanda ke da ikon ginawa, in gwamnati ce gwamnati, in masu makarantar ne su.

Amma ka lura da wannan kalma ta ƙarshe, domin makarantarka ta kuɗi ce. Idan yara 78 sun taru a aji ɗaya ne saboda unguwar ba ta da wata makaranta, wannan lalura ce. Idan kuwa sun taru ne saboda kowane yaro kuɗin rajista ne, kuma akwai halin ƙara ɗaki aka ƙi, to ba a kiran wannan gazawa. Kai ka san wanne ne naka, ni ban shiga asusunku ba.

Malaman ƙa'idojin fiƙihu suna cewa abin da ya sauƙaƙa ba ya faɗuwa saboda abin da ya gagara. Mita ɗaya ta faɗi, amma akwai abubuwan da ba su faɗi ba, kuma wasunsu sun fi ta amfani. Babbansu shi ne yaro mai zazzaɓi ko tari ko ƙuraje ya zauna gida har ya warke, haka malami. Wannan shi ne ainihin abin da nassi ya zo da shi, kuma ba ya cin ko dala. Uban da ya san ɗansa na da ƙyanda ya turo shi aji don kada ya rasa jarrabawa ya yi zunubi, kai ma in ka gani ka kau da kai kun yi tarayya. Sai tagogi da ƙofa, a bar su buɗe. Likitoci sun tabbatar da cewa irin waɗannan cututtuka na numfashi sun fi kamuwa a ɗakin da iska ba ta shiga ba ta fita, kuma mun san halinmu da hunturu, kowa rufe taga yake yi yana gudun ƙura da sanyi. Yaro ya zo da rigar sanyi, a buɗe tagar. In akwai inuwar dogon yaro ko rumfar kwano a farfajiya, a fitar da rabin ajin can. Buta da sabulu a bakin kowane aji, a daina shan ruwa da moɗa ɗaya, a raba lokacin fita hutu don kada a cunkushe wurin mai ƙosai. In hukuma ta ce a sa takunkumi, manyan yara da malamai su sa.

Akwai shawarar da nake jin ana bayarwa wadda ban yarda da ita ba, wato a kakkafa azuzuwan zana a jere don a rage cunkoso. Mutanen garin nan ba su manta ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da wuta ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a nan Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu, bayan irin wannan ta faru a Yamai cikin watan Afrilun shekarar. Shari'a ba ta yarda a gusar da cuta da wata cutar irinta ko wadda ta fi ta ba. Kada a guje wa gara a faɗa wa zago. Rumfa buɗaɗɗiya mai mafita ta kowane gefe daban take da ɗakin zana mai ƙofa ɗaya, musamman ga ƙananan yara.

Sannan ba kowace annoba ce tazara ke magani ba, ya kamata malamanka su san wannan don kada a yi ta gardama kan benci alhali cutar tana cikin randa. Kwalara da ta ɓarke daga yankin Madarunfa a 2018 ta hanyar ruwa da abinci take bi. Ko yaro ɗaya ka zaunar a aji, in ruwan shan ya gurɓata ba ka yi komai ba. Ƙyanda kuwa ƙwayarta na iya zama cikin iskar ɗaki har kusan awa biyu bayan mai ita ya fita, mita ɗaya ba ta tare ta, allurar rigakafi ke tare ta. Sanƙarau ma, wanda ya sa aka rufe makarantun Yamai na ɗan lokaci a watan Afrilun 2015, rigakafi da gaggawar kai yaro asibiti su ne kan gaba. Wace cuta ce, kuma ta ina take bi, wannan tambayar likita ce, Allah ya ce ku tambayi ma'abota sani in ba ku sani ba. Mai fatawa yana gina hukunci ne a kan amsarsu.

Rufe makaranta ɗungurungum ba shawararka ba ce kai kaɗai. Idan hukuma ta rufe, kamar yadda aka yi daga 20 ga Maris 2020 har zuwa farkon watan Yuni, sai a bi. Idan ba ta rufe ba, ban ga dalilin ka rufe don ka kasa cika mita ɗaya ba, domin yaran da ka sallama ba ɗaki za su shiga su zauna ba. Talla za su tafi, su kutsa cikin kasuwa ranar Litinin da Juma'a inda cunkoson ya ninka na ajinka, wasu kuma, musamman ƴan mata, in sun fita ba lalle su dawo ba.

Abin da ba zan sassauta maka ba shi ne sallamar rabin yara ranar zuwan masu bincike. Wannan algus ne, Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kuma cutarsa ta wuce kanka, domin mai binciken zai koma ya rubuta cewa doka tana aiki a Maraɗi, waɗanda ke sama su ci gaba da kafa ƙa'idar da ba mai iya bi, ba kuma wanda zai ga buƙatar ƙara aji. Ka nemi gafarar Allah kan abin da ya wuce. Nan gaba ka bar su su tarar da yaran 78 yadda suke, ka nuna masu abin da ka iya yi da wanda ya fi ƙarfinka, ka rubuta a takarda ka ba su. Batun alhakin rai kuwa, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba a ɗora masa mutuwar kowa. Wanda ya ɓoye cuta da gangan mai zunubi ne, maganar diyya kuma ta alƙali ce bayan bincike, ba a yanke ta a taron malamai.

Ƙanenka hukuncinsa ɗaya da naka. Ba a ce ya kori teloli huɗu su rasa abincin iyalinsu don a samu fili ba. Ya fitar da keke biyu ko uku rumfar ƙofar shago, ya juya kekunan don kada mutane su zauna fuska da fuska, masu kawo ɗinki su tsaya daga waje a gwada su ɗaya bayan ɗaya, ƴan zaman hira su haƙura har annoba ta wuce. Gab da salla, lokacin da ake kwana kan keke ƙofa a rufe, shi ne ya fi hatsari, sai ya raba su na dare da na rana.

Saura telan da ya kamu. Wajibi ne ya zauna gida, kuma haramun ne maigidan shago ya tilasta masa fitowa. Amma mutumin da ake biya da yawan rigar da ya ɗinka, in ka ce ya zauna ba ka ba shi komai ba, gobe zai haɗiye ƙwayar zazzaɓi ya zo ya ce lafiya lau yake. Idan akwai sharaɗi tsakaninsu ko dokar aiki da ta tanadi biya lokacin jinya, cikawa wajibi ne, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan babu, fiƙihu bai tilasta wa ƙanenka biyan ladar aikin da ba a yi ba, sai dai ina ba shi shawara mai ƙarfi ya yanka masa wani abu kullum, ko jika guda ce, ko teloli su riƙa tara ɗan asusu tun ana lafiya. In telan talaka ne kuma ba cikin waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa ba, ya halatta ya ba shi daga zakkarsa, da sharaɗin kada ya lissafa ta a madadin ladar da telan yake binsa. Kai ma haka za ka yi da malaman da kake biya da awa.

Wallahu a'alam.