Sentin jan ƙarfe na Amurka: me ya sa guda biyu na shekara ɗaya suka bambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan da marigayi kawuna ya bari, wanda ya yi karatu a Amurka, mun tarar da gwangwani cike da tsofaffin tsabar kuɗi. Akwai manya guda uku na jan ƙarfe masu rubutun ONE CENT a baya, ɗaya na 1803, biyu na 1851, sai ƙanana da yawa masu hoton Lincoln, tsohon shugaban Amurka. Na lura lambobin shekarar da ke jikin na 1851 ɗin ba su zauna iri ɗaya ba, kuma a jikin ɗaya kamar akwai wani rubutu a ƙarƙashin lambar. Jabu ne? Sannan duk sun yi duhu, ina so in wanke su da toka da lemun tsami kafin in nemi mai saye. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu, ya kyautata makwancinsa. Malam, kafin komai, don Allah ka ajiye tokar nan da lemun tsamin. Duhun da kake gani launi ne da jan ƙarfe ya ɗauki fiye da shekara 170 yana yi, kuma shi ne abu na farko da gwanin saye zai duba. Tsami yana cinye fatar ƙarfen ya bar shi da wani ja mai ɗaukar ido, toka kuma ta kakkarce shi, kuma babu hanyar gyara wannan ɓarna. Na fi jin takaicin tsabar da aka wanke a kan wadda ta goge saboda yawo a hannun mutane.

Bambancin da ka gani ba ya nuna jabu. Hasali ma shi ne abin da masu tara irin waɗannan kuɗi suke ƙarar da shekaru suna bi, kuma ba za a gane shi ba sai an san yadda ake buga su.

Gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya fara fitar da senti a 1793. Ana ɗora falle na jan ƙarfe tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, na fuska da na baya, sai ƙarti su juya wani babban ƙarfe mai zare irin na sukuru ya matse su. Injin tururi bai shigo aikin ba sai 1836. A shekarun farko da hannu ake yin kowane hatimi: a buga siffar kan macen da ke fuskar tsabar, sannan a bi da haruffa ɗaya bayan ɗaya, da ganyaye, da lambobin shekara, kowanne da ɗan ƙarfensa da guduma. Maƙeri ɗaya zai ƙera fartanya biyu a yini guda, amma manomi ya san ba ɗaya suke ba, to haka hatiman nan suke. Idan na baya ya tsage, sai a kawo sabo a haɗa shi da tsohon na fuska a ci gaba da aiki. Kowane haɗi na fuska da baya nau'i ne mai zaman kansa, shi ya sa shekara ɗaya takan fito da nau'i goma, ashirin, har fiye da hamsin kamar 1794.

Ƙarfen hatimi yana da tsada a lokacin, ba a jefar da shi don ƙaramin dalili. Idan shekara ta ƙare da hatimin da ba a yi amfani da shi ba, sai a buga sabuwar lamba a kan tsohuwar. Daga nan aka samu 1807 a kan 1806, da 1799 a kan 1798, tsohuwar lambar tana leƙowa daga ƙasa. Kuskure ma hakanan ake barinsa. Akwai wani hatimin baya na 1801 mai kuskure uku a lokaci guda: an rubuta 1/000 maimakon 1/100 (wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala), harafin farko na UNITED ya fito kamar II, zoben ganyen kuma kara ɗaya gare shi maimakon biyu. Akwai na 1794 da aka jera ƙananan taurari 94 a bakin bayansa. Sentin farko na 1793 kuwa sarƙa ce mai zobe 15 a bayansa, adadin jihohin lokacin, kuma a wani hatimin wuri ya ƙure wa mai sassaƙa sai ya taƙaita sunan ƙasar zuwa AMERI. Mutane suka yi ta ƙorafin cewa sarƙa ba ta dace da 'yanci ba, aka sauya ta bayan an buga guda 36,103 kacal. Wani mai kyan gaske daga cikinsu ya kai dala miliyan 2.35 a gwanjo a 2015.

William Sheldon ne ya jera nau'o'in 1793 zuwa 1814 a 1949, ya ba su lambobi daga 1 zuwa 295, kuma har yau da lambobinsa ake ciniki. Na 1816 zuwa 1857 kuma lambobin Howard Newcomb ake bi. Babu senti mai ɗauke da 1815, domin yaƙin 1812 ya katse fallayen jan ƙarfen da ake kawowa daga Ingila. Duk wanda ya nuna maka na 1815, an taɓa lambar ne.

Sai mu koma kan naka. Zuwa 1851 aiki ya ci gaba, kusan dukkan zanen daga uwar hatimi ɗaya ake kwafo shi, shekarar ce kaɗai ake bugawa da hannu. Saboda haka abin da ke raba nau'o'in wannan zamani shi ne mazaunin lambobin: sun yi sama ko ƙasa, sun matsa hagu ko dama, ina lamba 1 ta tsaya idan aka auna ta da ƙasan wuyan macen da haƙoran da ke bakin tsabar. Wannan ya amsa rashin daidaiton da ka gani. Rubutun da ke ƙarƙashin lambar ne ya fi jan hankalina. Akwai sanannen nau'i na 1851 da ma'aikaci ya fara buga shekarar a kife, ya ankara, ya sake bugawa daidai, sai burbushin 18 ɗin da ke kife ya rage a ƙarƙashin 51 yana kama da 81. Irin wannan ya faru a 1844 ma. Ka sami gilashi mai ƙara girma ninki goma, ka karkata tsabar a hasken taga. Idan burbushin ya taso sama da fatar ƙarfen, daga hatimi yake. Idan ya lotsa ciki, rauni ne da tsabar ta samu daga baya. Ko da shi ne, kada ka sa ran dukiya: an buga kusan miliyan goma a 1851, wanda ya goge kuma 'yan gomomin daloli ne kuɗinsa, wannan nau'in ya ɗan ɗara haka.

Na 1803 ɗin ya fi cancantar a zauna a kansa. An buga fiye da miliyan uku, amma nau'o'insa ba su zo ɗaya ba. Ka duba lamba 1: idan kanta a dakushe yake, ƙaramar shekara ce, ita ce gama-gari. Idan tana da tsini kuma 3 ɗin ta fi girma, babbar shekara ce. Sannan ka juya baya ka duba 1/100 da ke ƙasa, ƙanana ne lambobin ko manya. Babbar shekara haɗe da ƙananan lambobin baya nau'i ne mai wuyar samu ƙwarai, wanda ko ya goge ana rububinsa. A shekarar akwai kuma wanda aka gyara 1/000 ya koma 1/100. Idan ka ga wani siririn layi da ya taso ya ratsa rubutu, tsagewar hatimi ce, kuma da ita ake tantance nau'i cikin sauƙi.

Game da jabu, sikeli ne abokinka. Babban senti na waɗannan shekaru giram 10.89 ne, wanda ya goge zai ɗan gaza. Na zubi yakan zo da ƙananan ramuka a fuska da alamar haɗi a gefe. Shekarun da aka fi yi wa ha'inci su ne 1799 da 1804, saboda ƙarancinsu.

Ƙananan masu hoton Lincoln, yawancinsu ba su da wata daraja ta musamman, amma ka tace su. Harafin da ke ƙarƙashin shekara yana nuna inda aka buga: D na Denba, S na San Faransisko, idan babu harafi yawanci Filadelfiya ce. Tsohon kwabonmu mai huji ma yana da irin wannan alama, H ko KN, na kamfanoni biyu a Birmingham. Ka nemi 1909 mai S da haruffan VDB a ƙasan baya, wanda guda 484,000 aka buga, da 1914 mai D, da 1955 wanda shekara da rubutunsa suka fito biyu-biyu ƙarara. Na 1943 da ake ta yayatawa a intanet, da baƙin ƙarfe aka buga na shekarar saboda yaƙi, 'yan kaɗan ne suka fito da tagulla bisa kuskure. Idan mayen ƙarfe ya kama naka, na kowa da kowa ne, ko da an shafa masa jan ƙarfe. Idan bai kama ba, ka binciki 3 ɗin, domin ana goge rabin 8 na 1948 ya koma kamar 3.

Ka riƙa kama su ta gefe, ka sa kowanne a ƙaramar ambulan ta takarda, nesa da danshin damina, kada ka sa su a leda mai laushi domin tana sa su koren tsatsa. Ka ɗauki hoton gaba da baya na manyan ukun ka gwada da hotunan da ke shafukan PCGS da NGC, kamfanonin da ke tantance tsabar kuɗi a ma'aunin 1 zuwa 70. Kuɗin tantancewa da na aikawa yakan fi ƙarfin sentin gama-gari, don haka sai na 1803 ɗin ya nuna babbar shekara za ka yi tunanin aika shi. Duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗi kafin ya haɗa ka da mai saye, ka rabu da shi. Tunda kuma kayan gado ne, ka sanar da magada abin da ka gano kafin a sayar da ko guda ɗaya.